Ranar da Aka Ɗaga Ƙofar Gareji

Ƙofar garejinmu ta daɗe da sunkuyawa, kuma ni ce na hana a gyara ta. Duk wanda ya zo gidan sai ya tanka. Mai kawo mana gas ya yi magana, maƙwabciyarmu ta yi, har wata mai kawo min ɗinki, wadda ko ƙusa ba ta taɓa bugawa ba, ta ce min, "Ai wannan sai ku nemi mai walda." Na ce mata to. A raina na ce mai waldan yana nan ciki zaune, shi ne ma dalilin.

Baba ne ya ƙera ta da hannunsa tun ban san kaina ba. Ƙyaure biyu ne na ƙarfe masu buɗewa ta titi. Na hagu sakatarsa ta yi tsatsa ta manne a ƙasa, an ma daina taɓa shi. Na dama ake amfani da shi, shi ne kuma ya sauka, bakinsa ya zauna daram a kan siminti har ya ci wa kansa hanya. In za ka buɗe sai ka sa hannu biyu ka cicciɓa, ka tura da kafaɗa, ita kuma ta saki wata ƙara da ake ji har ƙarshen layi. Mota kam an sayar tun bayan rasuwar Mama. Abin da ya rage a ciki kayan aikin Baba ne: injin walda, teburin ƙarfe, gwangwanayen noti, sifanoni a jere jikin bango, da kujerarsa.

Mantuwa ce ta kama Baba. Da farko tabarau ne da hula, daga baya ya fara tambayata ko Mama ta dawo daga kasuwa. Ba inda hankalinsa yake kwanciya sai garejin nan. Zai wuni yana zuba noti a kan tebur, yana ware manya da ƙanana, ya mayar, ya sake zubewa. Ni kuma ina falo a kan keken ɗinki, kusa da babbar ƙofa, ba wanda zai wuce ta nan ban gan shi ba. Matsalar ita ce garejin, don ta can ma ana fita titi. Sau ɗaya ya fita ta can, aka tsinto shi a tsakiyar babbar hanya, motoci suna kauce masa suna zagi. Mai sayar da burodi ne ya riƙo min shi har gida.

A ranar na sa wa ƙofar kwaɗo. Wallahi ban taɓa ganin tashin hankali irin na ranar ba. Da ya ga kwaɗon sai ya tsaya yana kallonsa, ya ce, "Ni? A gidana?" Ya ɗauki guduma ya yi ta duka har ya fasa yatsa, jini yana ɗiga a kan rigarsa, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Ya ƙi abinci, ya ƙi yi min magana. Da kaina na cire kwaɗon na jefa a kwandon shara. Ana nan sai ƙofar ta ƙara sauka, ƙarfin Baba kuma ya ƙara raguwa, har ya zamana ba ya iya ɗaga ta. Ko ya gwada, ƙarar za ta shigo min falo ta danne ƙarar keke, in taso in same shi yana haki. Shi bai ga an kulle shi ba, ni kuma na samu barci. Kullum da safe zai ce, "Auta, ƙofar nan ta sunkuya." In ce, "Za a gyara, Baba." Ya ce, "Yauwa."

Haka muke har Yaya ya zo hutu.

Yaya shi ne babba a wurin Baba, yana aiki a wani kamfani a gari mai nisa. Ba zan ce ba ya kula ba, yana kira, yana aiko da magani. Amma abin da ya cuce shi gaisuwa ce. Baba ya manta sunan unguwarmu, amma gaisuwa ko harafi ɗaya bai ɓace masa ba. In Yaya ya kira, sai ka ji Baba ya gyara murya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya zafi, madalla, madalla, a gaida mutanen gida. Su yi ta yi har a kashe waya. Sai Yaya ya kira ni ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Yanzu muka gama hira da Baba, garau yake." Hira! In na ce masa Baba bai san da wa ya yi magana ba, sai ya ce tsufa ne kawai.

Da ya iso, Baba ya gane shi, har ya shafa kansa ya ce furfura ta riga hankali zuwa. Muka yi dariya. Ba a jima ba Baba ya kama hannunsa ya ja shi gareji, ina ji yana kai ƙarata: "Kullum sai ta ce za a gyara. Mace ce, me ta sani a ƙarfe?"

Washegari da hantsi sai ga Yaya ya dawo daga kasuwa da leda, sababbin hinjin ƙofa a ciki, da wayar walda, da rodi dogo a kafaɗa. Na ajiye almakashi na ce ya zo kicin. Na rufe ƙofa.

"Kada ka taɓa ƙofar nan," na ce.

"Saboda me?"

"Saboda ita ce take riƙe min shi. Ran da ta yi sauƙi, ran nan zai fita."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Auta, kina nufin da gangan kika bar ta? Mutum ya yi shekara da shekaru yana gyara ƙofofin mutane, a bar tasa tana jan ƙasa, yana roƙo kullum ana yi masa ƙarya?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "E, ƙarya nake yi masa, safe da yamma. Kai da kake faɗa masa gaskiya ta waya, ka taɓa wanke masa wando? Ka taɓa bin layi ba takalmi kana tambayar mutane ko sun ga wani tsoho?" Na faɗi abin da ya fi haka ma, ba sai na maimaita ba. Ya bari har na gama.

Sai ya ce, "Zo ki ga wani abu."

Ya kai ni bayan ƙyauren, ya haska min hinjin sama da fitilar waya. Waldar da ta riƙe shi ta tsage kusan gaba ɗaya, saura ɗan abin da bai kai faɗin farce ba. Ya sa yatsa ya taɓa, tsatsa ta zubo. A hankali ya ce, don kada Baba ya ji, "Wannan ba sunkuyawa ba ce kawai, faɗuwa za ta yi. In ya sake jijjiga ta, a kansa za ta sauko. Kin san nauyinta?"

Na san nauyinta, ni nake ɗaga ta. Na tsaya ina kallon tsagar nan. In an bar ta, ta danne shi. In an gyara, ya fita. Na ce, "To ka gyara hinjin kawai, ka bar ta tana jan ƙasa." Ya ce jan ƙasan ne yake karya hinjin, in aka bar shi sabon ma haka zai yi. Na koma falo na zauna a gaban keke, ko zare ban iya zurawa ba.

Amma zaman bai yiwu ba, don muryar da na ji daga garejin na daɗe ban ji ta ba. Baba ne yake ba da umarni. "Kawo jak. A'a, sa katako a ƙarƙashi tukuna, kada ka lotsa min ƙarfe." Na leƙa. Ya naɗe hannun riga, ya tura hula baya. Yaya, wanda a wurinsa ya koyi walda kafin ya bar gida, yana durƙushe yana murza jak ɗin, ƙyauren yana tashi kaɗan-kaɗan. Baba ya matsa baya, ya rufe ido ɗaya yana daidaita saman ƙyauren dama da na hagu. "Ƙara. Ƙara. Tsaya! Ɗan ƙara kaɗan, don in an sake ta za ta zauna." Wannan mutumin da jiya ya tambaye ni ina banɗaki yake.

Suka tokare ƙyauren da katako, Yaya ya yanke tsohon hinjin, ya goge wurin har ƙarfe ya fito fari. Kafin ya buɗe baki Baba ya miƙa masa abin da yake nema, ko filaya ce ko guduma. Da aka kunna injin walda, Baba ya juyo ya daka min tsawa, "Kau da idonki, Auta! So kike ki kwana kina hawaye?" Haka yake yi min tun ina ƙarama. Na juya baya, ina ganin hasken yana wasa a bango, ƙaurin ƙarfe ya cika garejin. Hawayen dai sai da suka zo, ba kuma na walda ba ne.

Bayan hinji aka zo kan rodin. Suka gicciya shi daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa, wadda take jan siminti. A ƙasan rodin akwai haƙoran murɗa noti, da notin a kai, in an ɗaure sai ya jawo bakin ƙyauren sama. Baba ya ce shi zai ɗaure. Sifanar tana zame masa, Yaya ya kai hannu zai karɓa, na harare shi ya janye. Baba yana murzawa yana bugun rodin da bayan yatsa yana saurara, har ya ji sautin da yake so. Sannan ya kira ni.

"Ke za ki riƙa kula da ita, wannan tafiya zai yi. Kin ga notin nan? In kika ga ta fara taɓa ƙasa, murɗa shi kaɗan, ba da yawa ba. Hinjin kuma ki riƙa sa masa giris, in babu ko baƙin mai ne ɗiga masa. In damina ta wuce ki kankare tsatsar ƙasan nan ki shafa fenti, ta nan ruwa yake cin ta. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Ba ki ji ba. Maimaita."

Na maimaita. Yaya yana gefe yana dariya ƙasa-ƙasa, ya ce shi sai da ya sha ranƙwashi kafin ya haddace.

Aka sauke jak. Baba ya sa ɗan yatsa ɗaya ya tura, ƙyauren ya tafi sumul, ko ƙis bai yi ba. Ya jawo shi ya dawo, ya sake turawa. Fuskarsa ta yi wani haske da rabona da gani tun Mama tana da rai. Na yi masa murna, Allah ya sani, amma shirun ƙofar nan ya tsorata ni. Na ce wa Yaya a kunne, "Ka ga abin da nake faɗa maka?" Ya ce in kwantar da hankalina, yau shi ne mai gadi, ko nan da can ba zai matsa ba, gobe ma zauna mu san abin yi.

Muka ci abincin rana a garejin, a kan teburin ƙarfe, don Baba ya ƙi tashi. Na kwashe kwanuka na koma kan ɗinki, ina da rigar da za a zo karɓa da yamma. Na daɗe ina taka keke kafin na lura kunnena yana jiran wani abu da ba zai zo ba. Na tsayar da ƙafa. Sai na ji ruwa yana zuba a banɗaki.

Na tashi da gudu. Kujerar Baba ba kowa, ƙyauren a buɗe, rana ta shigo har tsakiyar garejin. Na ƙwala wa Yaya kira, ya fito hannunsa duk kumfa, yana cewa, "Barci yake yi fa, wallahi barci yake, giris kawai na je wankewa." Ban tsaya saurarensa ba. Na ce ya bi hagu, ni na bi dama, wajen babbar hanya.

Na wuce shagon da ke kan kwana, na wuce wurin mai faci, ina tambaya ina gudu, ɗankwalina a hannu. Mai faci ya nuna min gaba. Can na hango Baba a bakin kwalta, ƙafa ɗaya a kan titi, sifana a hannunsa, wata babbar mota ta wuce iskarta ta kaɗa masa riga. Ban kira shi ba, kada ya firgita ya yi gaba. Na lallaɓa na kama hannun rigarsa.

Ya juyo ya dube ni da fara'a. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah."

Ya sha manta abubuwa, ya sha kirana da sunan Mama, amma bai taɓa yi min kallon baƙuwa ba sai ranar. Ji na yi kamar an zare min wani abu a ƙirji. Na so in ce Baba ni ce, amma na san in aka yi masa gardama rikicewa yake, ga mu a bakin titi. Na haɗiye na ce, "Yauwa, sannu Baba."

"Don Allah ko kin san gidan da aka ce ƙofarsu ta lalace? Kirana aka yi in duba, na rasa layin."

"Na sani. Zo in raka ka."

"Allah ya yi miki albarka. Ba zan ɓata miki lokaci ba?"

Na ce a'a, can na nufa. Muka juyo a hankali, yana ba ni labarin yadda mutane suke sakaci da ƙofa sai ta faɗi sannan su zo suna salati. A bakin layinmu muka haɗu da Yaya, ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya riga shi. Ya miƙa masa hannu ya ce, "Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya aiki? Madalla." Tsaf, kamar yadda yake yi a waya. Yaya yana amsawa, lafiya lau, lafiya lau, yana kallona ta saman kafaɗar Baba. Ban ji daɗin cewa gaskiyata ta fito ba.

"Kai ne mai gidan?" in ji Baba.

Yaya ya dube ni. Na ce, "Shi ne."

Baba ya tsaya gaban ƙofar, ya duba hinjin, ya shafa waldar da babban yatsa, ya bugi rodin. Ya tura ƙyauren ya tafi, ya jawo ya dawo. "Ai an riga an gyara. Wa ya yi muku?"

"Wani dattijo ne da ɗansa," na ce.

"Sun iya. Ba abin da zan ƙara." Ya sake turawa da yatsa, sai ya ɗan ɓata fuska. "Sai dai ta yi sauƙi da yawa, ga ta a bakin hanya. Akwai ƙananan yara a gidan?"

"Babu yara. Amma akwai wanda ba ma so ya fita shi kaɗai."

"Mara lafiya ne?"

"Mahaifinmu ne. Ya tsufa, in ya fita ba ya gane hanyar gida."

Baba ya girgiza kai. "Allah sarki. Allah ya ba ku ladan haƙuri, ba ƙaramin aiki ba ne." Ya kalli ƙyauren daga ƙasa har sama. "To ku ji. Sakata za ku sa ta ciki, can sama, ku shafa mata fenti kalar ƙofar. Tsoho ba ya ɗaga kai. Tsayinsa kamar yaya?"

Na dubi Yaya, ya juya fuska bango. Na ce, "Kamar naka."

Ya shiga ciki, ya jawo ƙyauren ya rufe mu. Ya laluba kan teburin ya ɗauko alli, bai ko duba inda yake ba. Ya matsa jikin ƙofar, ya miƙa hannu iya ƙarfinsa, ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa har na kai hannu bayansa kada ya faɗi, ya ja layi. Ya sauko yana numfashi.

"Iyakata ke nan. Ku ɗara nan da kamar taƙi ɗaya. Ke kya taka kujera in za ki buɗe."

Ya miƙa wa Yaya allin, ya kaɗe hannu. Har ya juya sai ya dawo, ya rage murya kamar mai gudun a ji shi daga cikin gida.

"Amma kada ku yi aikin a gabansa. Ku san yadda za ku yi ku ɗauke masa hankali. In ya gani zai ji ciwo."

Yaya ya durƙusa a gaban injin walda, ya yi kamar yana warware waya, kafaɗunsa suna rawa. Na share fuskata da ɗankwali na ce, "Baba, ka sha rana. Shigo ciki in haɗa maka shayi."

Ya ce kada in wahalar da kaina, na ce ba wahala. Na riƙe hannunsa muka bi ta kicin, na jawo ƙofar tsakani na rufe. Ina ɗora ruwa a wuta na ji Yaya ya kunna injin.